Tsohon Soja Abdullahi Injai, Wanda Ya Shekara 104

A nan Allakaye da sauran garuruwan Adar, manyanmu suna ba da labarin lokacin da Nasara ke ɗibar samari aikin soja. Waɗansu sun komo gida, waɗansu ko kabarinsu ba a sani ba. Yau za mu duba tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane. Shi ba ɗan Nijar ba ne, mutumin Sanigal ne, amma abin da ya same shi ya sami kakanninmu da yawa.

Sunansa Abdullahi Injai. A takardun Faransa ana rubuta shi Abdoulaye N'Diaye. An haife shi a shekarar 1894 a wani ƙauye mai suna Thiowor, a arewacin Sanigal. Talaka ne ɗan talaka. Yana noma, yana kuma sufuri da raƙuma.

A shekarar 1914 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamus. Shi ne ake kira Yaƙin Duniya na Ɗaya. Faransa ta bukaci sojoji, sai ta juyo ga ƙasashen da take mulka. Aka umarci sarakuna da masu gari su kawo samari. Mutane suka tsorata. Waɗansu suka shiga daji, waɗansu suka tsallake iyaka zuwa ƙasashen da ke hannun Ingilishi.

Wani ɗan'uwan Abdullahi yana cikin waɗanda suka gudu. Sai aka kama kawunsa aka kulle, don a matsa wa dangi. Abdullahi ya ga ba zai iya zama ba dattijo yana tsare. Ya kai kansa aka rubuta shi soja, aka saki kawunsa. Kun ga ke nan ba kwaɗayin albashi ya kai shi ba, zumunci ne.

Aka sa shi cikin rundunar baƙar fata da Faransa ta kafa tun 1857. Ana kiranta rundunar 'yan Sanigal, amma akwai mutanen ƙasashe da dama a ciki, har da na ƙasarmu. A wannan yaƙi an ɗebi mutum wajen 200,000 daga Afirka ta Yamma. Kimanin 30,000 sun mutu.

Abdullahi ya sha wuya ƙwarai. An ji masa rauni a ƙasar Beljiyam a 1914. A 1915 aka kai su yaƙi a Dardanel, bakin teku a ƙasar Turkiyya. A 1916, a bakin kogin Somme cikin Faransa, harsashi ya same shi a kai, ya yi wata huɗu a asibiti. Ga sanyin da bai taɓa gani ba, ga laka cikin ramukan da sojoji ke ɓuya. Amma mai sauran kwana ba ya mutuwa. Ran 11 ga Nuwamba 1918 aka tsayar da yaƙi, daga baya ya komo gida.

Da ya iso, ba wanda ya yi masa bayanin hakkinsa. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona, ya yi iyali, ya ci gaba da zama cikin danginsa. Sai a 1949 ya ji daga bakin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu cewa yana da fansho. Shekara 30 ke nan kuɗinsa na kwance, shi bai sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ko da aka fara biyansa, wata matsala ta taso. A ƙarshen 1959, da ƙasashenmu suka kusa samun mulkin kai, Faransa ta yi doka ta tsayar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka wuri ɗaya. Na Faransawa yana ƙaruwa, nasu ba ya motsi, alhali wuta ɗaya suka shiga. A ƙarshen rayuwarsa, abin da Abdullahi ke karɓa a wata bai wuce jika 34 ba.

A 1998 yaƙin ya cika shekara 80 da ƙarewa. Shugaban Faransa na lokacin, Jacques Chirac, ya ce a ba duk sojan wannan yaƙi da ya rage da rai babbar lambar girma ta ƙasar. Aka bincika, aka tarar Abdullahi ne kaɗai aka san ya saura daga waccan runduna. Aka sa rana, 11 ga Nuwamba, jakadan Faransa zai zo ƙauyensu ya rataya masa lambar. Ana gobe biki, ran 10 ga wata, yana zaɓen rigar da zai sa, Allah ya yi masa cikawa. Shekarunsa 104.

Gyaran fansho bai zo ba sai bayansa. An fara daidaita shi a 2007, aka ƙarasa a 2011, lokacin da yawancin masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya.

Mun san wannan labari ne don an je an tambayi tsohon tun yana da rai, aka rubuta abin da ya faɗa. To, namu fa? A gidaje da yawa na Bouza da Keita da Madawa akwai tsohuwar lamba, ko hoto, ko ɗan littafin soja a gindin adaka. Kada mu bari gara ta ci su. Mu fito da su, mu karanta suna da shekara da wurin da aka kai mai su. Mu tambayi tsofaffin da suka san shi, mu rubuta don jikokinmu.

Allah ya jiƙan Abdullahi Injai da dukan tsofaffin sojojinmu, ya sa sun huta.