Daɗaɗɗen Kumburin Tumbi: Yadda Likitoci Ke Rarraba Shi Da Sa Masa Ido

A ƙasar Hausa, kusan duk wani zafin ciki ko ƙwannafi ana kiransa olsa. Daga kasuwar ’Yargoje zuwa ofisoshin Katsina, mai fama da shi yakan wuce kemis ya sayi magani, ko ya jiƙa kanwa ya sha. Sai dai akwai wata cuta da ke ɓuya a bayan wannan suna: daɗaɗɗen kumburin fatar cikin tumbi, wanda kan cinye ƙwayoyin da ke samar da ruwan narkar da abinci har fatar ta sirance. A wasu mutane ƙalilan, wannan ne mafarin sankarar tumbi.

Musabbabi

Babban musabbabin cutar shi ne ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2005. Galibi ana kamuwa da ita tun ƙuruciya, musamman inda ake da cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa. A 1994, hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Nau’i na biyu kuwa garkuwar jiki ce ke far wa tumbi. Yana hana jiki tsotse bitamin B12, ya jawo ƙarancin jini da mutuwar yatsu.

A 1992, likita Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya lura cewa ƙwayar ta yawaita a Afirka amma rahotannin sankarar tumbi kaɗan ne. Har yau masana na muhawara ko ƙarancin gwaji na da hannu a wannan.

Yadda ake rarraba ta

Alamomi kaɗai ba sa nuna matakin cutar. Sai an zura na’urar leƙa ciki mai kyamara ta baki, an gutsuro nama domin gwaji. Tsarin Sydney na 1990, wanda aka sabunta a Houston a 1994, ya tanadi gutsure 5: biyu daga ƙasan tumbi, biyu daga tsakiyarsa, ɗaya daga lanƙwasar da ke tsakaninsu.

Daga sakamakon ne ake auna mataki. Ma’aunin OLGA yana duba tsananin sirancewar da faɗin wurin da ta mamaye. Na OLGIM kuma yana duba yadda fatar tumbi ta rikiɗe ta koma irin ta hanji. Kowannensu na da mataki daga 0 zuwa 4, kuma mataki na 3 da na 4 su ne masu babban haɗari.

Sa ido

Matakin farko shi ne kashe ƙwayar da haɗin magunguna, yawanci na kwana 14, sannan a sake gwajin numfashi ko na bayan gida bayan aƙalla mako 4. Ana dakatar da magani irin su omeprazole mako 2 kafin gwajin, domin yana iya ɓoye ƙwayar.

Ƙa’idojin ƙwararrun Turai na 2019 sun ba da shawarar sake leƙa cikin wanda cutarsa ta yi nisa duk bayan shekara 3. Idan kuma mahaifi, mahaifiya ko ɗan’uwansa na jini ya taɓa yin sankarar tumbi, sai a rage tazarar zuwa shekara 1 ko 2.

Ga mazauna Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, irin wannan gwaji yakan buƙaci tafiya zuwa manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Malam Aminu Kano. Saboda haka yana da muhimmanci majiyyaci ya adana takardar sakamakonsa, domin da ita za a kwatanta gwaji na gaba.

Rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida, wahalar haɗiya da ƙarancin jini alamomi ne da ke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Rage gishiri, barin taba da guje wa yawan shan diclofenac ko ibuprofen na daga cikin abin da ke kare tumbi.