Tarihin fim ɗin Xala: yadda Usman Sembene ya ƙulla dariya a wuyan manyan Senegal

Yau za mu koma shekarar 1975, mu leƙa birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda aka fito da wani fim na barkwanci da ya hana masu mulki barci. Sunansa Xala, ana furta shi kamar "Hala". Kalma ce ta harshen Wolof da ke nufin irin ƙullin da ake cewa ana yi wa ango ya kasa kusantar amaryarsa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki fim ɗin ban dariya abin kashe lokaci ne kawai. Wannan kuwa sai da hukuma ta sa masa almakashi kafin ta bari a nuna shi, kuma dalilin hakan yana cikin yadda aka zuba labarin gaɓa bayan gaɓa.

Wanda ya shirya shi, Usman Sembene, an haife shi a 1923 a garin Ziguinchor da ke kudancin Senegal, ɗan masunci ne. Bai yi nisa a boko ba. Ya yi soja a rundunar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, inda ya shiga ƙungiyar ƙwadago ya kuma fara rubuta littattafai. Da ya ga mutanen da yake rubutu dominsu akasari ba sa karanta Faransanci, sai ya tafi Mosko a 1962 ya koyi aikin fim. Ya ɗauki sinima a matsayin makarantar dare ta talaka. Xala ya fara fitowa ne a matsayin littafi a 1973, sannan ya mayar da shi fim.

Lokacin da aka yi shi ma abin lura ne. Senegal ta sami 'yanci a 1960 ƙarƙashin Leopold Senghor, amma shekara goma sha biyar bayan nan bankuna da manyan kamfanoni suna hannun Faransawa, kuma Faransanci ne harshen ofis. Ga fari da ya addabi yankin Sahel tun daga 1968 har zuwa 1974, wanda iyayenmu a arewacin Najeriya da Nijar ba su manta da shi ba. A Nijar, zargin karkatar da abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Mai kallo na wancan zamani bai buƙatar a yi masa bayanin abin da buhun shinkafa yake nufi.

Fim ɗin ya buɗe da kiɗa da rawa. Wasu 'yan kasuwa baƙar fata cikin kayan gargajiya sun shiga ginin majalisar 'yan kasuwa, sun sallami Turawan da ke ciki, sun fito da gumakan da ke alamta Jamhuriyar Faransa sun ajiye a bakin ƙofa. Jama'a na ta murna. Can sai ga Turawan nan sun dawo ɗauke da jakunkunan hannu. Sababbin shugabannin, waɗanda yanzu sun koma sanye da kwat, kowa ya buɗe jakar da aka ajiye a gabansa, ya ga damman kuɗi, ya rufe yana murmushi. Baturen da aka kora ya zama mai ba shugaba shawara. A cikin 'yan mintuna Sembene ya gama ba da tarihin 'yancin kai kamar yadda yake ganinsa, kuma bai sa kowa ya yi wa'azi ba.

A wannan zama ne tauraron labarin, Alhaji Abdu Kader Beye, ya gayyaci abokansa bikin aurensa na uku. Nan gwanintar take. An ɗinke aure da siyasa a zama ɗaya, don haka duk abin da ya sami Alhaji a ɗakin amarya, mai kallo zai karanta shi a matsayin abin da ya sami ƙasar.

Gaɓa ta biyu ta shigar da mu gidajensa. Uwargida Aja Awa Astu mace ce mai haƙuri da riƙon al'ada. Ta biyu, Umi Ndoye, 'yar gayu ce mai gashin kanti da baƙin tabarau, kullum maganarta kuɗi. Amarya Ngone yarinya ce sa'ar 'yarsa, kusan ba ta furta komai a fim ɗin, an kawo ta ne kamar yadda aka kawo motar da aka ɗaure da ƙyalle a matsayin kyautar aure. Sai 'yarsa Rama, ɗaliba, wadda idan uban ya yi mata Faransanci sai ta mayar masa da Wolof, kuma ta sha mari a hannunsa saboda ta faɗi ra'ayinta kan auren. Kowace cikinsu tana wakiltar wata fuska ta Senegal, kuma kowace za ta yi abin da ya dace da halinta ranar da dukiya ta ƙare.

Daren biki, gwaggon amarya ta ce wa Alhaji ya zauna a kan turmi ya riƙe taɓarya tsakanin ƙafafunsa domin kariya, kamar yadda aka saba. Ya ce shi ya wuce irin wannan camfi. Gari ya waye bai iya komai ba. Wannan shi ne ƙullin labarin, kuma daga nan tambaya ɗaya ce ke jan mai kallo har ƙarshe: wa ya ɗaure Alhaji? Zargi ya tafi kan kishiyoyi, kamar yadda kowannenmu zai fara zato. Sembene ya bar mu muna kallon inda ba nan ba ne.

Tsakiyar fim ɗin yawon neman magani ne, kuma a nan dariya ta fi yawa. Mutumin da ba ya shan ruwa sai Evian na kwalba daga Faransa, wanda direbansa Modu ke wanke masa Marsandi da wannan ruwan, shi ne aka sa ya yi rarrafe zuwa wurin amarya da laya a baki. Wanda ya raina turmi ya koma bin masu magani ɗaya bayan ɗaya, kowa na karɓar rabonsa. Kowane yunƙuri ya fi na baya tsada, ya kuma fi shi zubar da girma. Yana can yana wannan fafutuka, shagonsa na mutuwa.

A gefe guda kuma akwai wani zare da ake saƙawa a hankali. Kusa da shagon Alhaji akwai mabarata, makafi da guragu da kutare, suna waƙa da Wolof. Waƙarsu ta dame shi, sai ya sa shugaban majalisa ya kira 'yan sanda, aka kwashe su a mota aka zubar a bayan gari da sunan suna ɓata wa masu yawon buɗe ido rai. Suka dawo a ƙafa, wani na jan wani. Akwai kuma wani baƙauye da mutanen ƙauyensu suka tara kuɗi suka aiko shi sayen abinci saboda fari, ɗan sane ya yanke masa aljihu. Baƙauyen ya rasa fuskar komawa gida, ya zauna cikin mabarata. Ɓarawon kuwa ya tafi ya sayi kwat. Mai kallo zai ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne na cike gurbi. Duk an ajiye su ne don ranar biya.

Sai aka ba Alhaji sauƙi na ɗan lokaci. Modu ya kai shi ƙauye wurin wani malami, Serigne Mada, ya warware masa ƙullin. Alhaji ya biya da cek, malamin ya gargaɗe shi cewa wanda ya cire yana iya mayarwa. Ya garzayo gida cike da zumuɗi, ya tarar amarya tana cikin al'adarta. Wannan gaɓa tana da muhimmanci a zubin barkwanci: ana ɗaga mutum sama kaɗan don faɗuwarsa ta yi ƙara.

Faɗuwar ta zo a jere. Ta bayyana cewa Alhaji ya karkatar da shinkafar da aka ba shi don jama'a, ya sayar ya yi hidimar aure da kuɗin. Banki ya juya masa baya. Abokansa na majalisa suka kira zama don su kore shi, saboda ya ɓata musu suna. Ya nemi ya yi magana da Wolof, aka hana shi, aka ce harshen hukuma Faransanci ne. A nan mutumin da ya mari 'yarsa ya koma faɗin irin maganarta: ya gaya musu dukansu abu ɗaya suke yi, 'yan amshin shata ne masu cin ragowar Turawa, shi dai asirinsa ne ya tonu. Suka kaɗa ƙuri'a suka fitar da shi. Wanda aka ba kujerarsa da jakarsa shi ne ɗan sanen nan mai sabuwar kwat. Aka rufe shago, aka ƙwace mota, Umi ta loda kayanta ta tafi da 'ya'yanta, auren amarya ya mutu. Cek ɗin malam bai biya ba, malam ya mayar da ƙulli. Bai rage masa kowa ba sai uwargida da direba.

Warwarar ta zo ne daga inda ba a zata ba. Mabaratan nan suka shiga gidan uwargida, suka buɗe firji suka ci suka sha. Jagoransu makaho, Gorgui, ya tuna wa Alhaji abin da ya manta: shekaru da suka wuce ya murɗe takardu ya cinye gadon danginsu, ya sa aka ɗaure shi. Shi ne ya yi ƙullin, kuma maganinsa ɗaya ne, Alhaji ya tuɓe ya tsaya su tofa masa yawu. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Alhaji ya tuɓe. Hoton ya tsaya cak, amma ƙarar tofin ta ci gaba. Ba a nuna mana ko ya warke ba, kuma a daidai nan dariyar mai kallo take ɗaukewa.

Idan muka duba zubin gaba ɗaya, za mu ga babu abin da aka jefa a banza. Jakar da aka buɗe a farko ita aka miƙa wa ɓarawo a ƙarshe. Harshen da Alhaji ya raina shi ya nema ranar da ya shiga uku. Mutanen da ya sa aka zubar a bayan gari su ne riƙe da maganinsa. An fara da taron masu kwat suna rabon kuɗi, an rufe da taron masu tsumma suna yanke hukunci. Tambayar wa ya ɗaure Alhaji ta rikiɗe ta zama wa Alhaji ya cuta, kuma amsar tana zaune a ƙofar shagonsa tun farkon fim.

Hukumomin Senegal sun gane saƙon sarai. Sai da aka yanke wurare da dama kafin a yarda a nuna shi a ƙasar, Sembene kuma ya sa aka raba takardu masu bayyana abin da aka cire. Duk da haka jama'a sun yi cincirindo a gidajen sinima na Dakar. Fim ɗinsa na gaba, Ceddo na 1977, hana shi aka yi gaba ɗaya na wasu shekaru. Sembene ya rasu a Dakar a 2007, ana kiransa uban sinimar Afirka.

Mu da muke zaune a garuruwan kasuwanci, muna ganin yadda ake rabon kwangila da kayan tallafi, ba ma buƙatar tafinta kafin mu gane Alhaji Abdu Kader. Matasanmu masu sha'awar shirya wasan barkwanci kuma suna da abin koyo a nan: su fara sanin laifin da tauraronsu ya aikata da wanda ya aikata wa, su ajiye wannan mutum a gaban mai kallo tun da wuri, sannan su bar dariya ta yi ta tafiya har ta iso kansa. Wanda ya sami dama ya nemi fim ɗin ya kalla. Allah Ya kiyashe mu da cin haƙƙin wani, amin.