Ɗan Gida da Baƙo a Zangon Ankara

Kalmar zango ta fatake ce. Wuri ne da ayari yake sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana, da asuba a ɗaura a wuce. Hausawan da suke bin hanyar Gwanja neman goro su suka kai kalmar ƙasar da ake kira Gana yanzu, mutanen can kuwa suka mai da ita Zongo. Da yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salaga a shekara ta 1892, fatake suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumashi da bakin teku. Kafin wannan ma akwai Hausawa a birnin Accra, wanda suke kira Ankara, waɗansu malamai, waɗansu tsofaffin sojan Turawa da suka yi yaƙin Asante na 1874. Malam Naino ya sami fili a hannun sarakunan Ga ya kafa zangonsa, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na ashirin. Nima ta zo daga baya. Wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, shi ya karɓi filin a wajen 1931, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa unguwar ta cika ta tumbatsa har ta haɗe da Maamobi. Waɗansu suna cewa sunan daga harshen Ga ya fito, waɗansu kuma suna cewa ni'ima ce aka gajarta.

Masaukin kwana ɗaya ya zama gari. Aka haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsa, Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Fulani, Hausa ce harshen da ya haɗa su. Amma sunan zango bai rabu da su ba, a idon mai ƙasa kuwa mutumin zango matafiyi ne da bai riga ya tashi ba. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun fi 800,000 a Gana, wato kusan mutum ɗaya cikin takwas.

Gwamnatin Nkrumah ce ta fara gwada wannan makami. A 1957, shekarar samun mulkin kai, ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lalemi, manyan zangon Kumashi, ta tura su Nijeriya a kan cewa su baƙi ne, ko da yake kowa ya san laifinsu goyon bayan 'yan hamayya ne. 'Yan hamayya suka yi kuka ƙwarai, suka ce zalunci ne. Jagoransu a majalisa a lokacin shi ne Dokta Kofi Busia.

Shekara goma sha biyu bayan haka Busia ya zama Firayim Minista. Bai cika wata biyu a kujera ba, ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatinsa ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin mako biyu, in ba haka ba ya bar ƙasar. Yawancin mutanen zango ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Iyayensu sun shigo da ƙafa tun ba a tambayar kowa fasfo, su kuwa a Nima ko Sabon Zango aka yanke musu cibi. Ofisoshin jakadanci suka cika, mako biyu ya ƙare, 'yan sanda suka fara kame. Mutane suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba, waɗansu suka kulle ƙofa suka bar mabuɗi a hannun maƙwabci. Manyan motoci suka yi ta ɗiban jama'a zuwa iyakar Aflao. Dubban ɗaruruwa suka fita cikin 'yan watanni, da aka yi ƙidayar 1970 kuwa baƙi sun ragu zuwa wajen kashi 7 cikin ɗari.

Kada mai karatu ya ɗauka Busia azzalumin soja ne marar ilimi. Shehun malami ne da ya yi karatu a Oxford, ɗan ikilisiyar Metodis, mai wa'azi kuma. Ya san abin da Littafin Firistoci sura 19 ya umarta game da baƙon da yake zaune a ƙasa, da dalilin da aka ba Isra'ilawa, wato su ma sun yi baƙunci a Masar. Jama'ar da suka yi murna da umarnin, da yawansu masu zuwa sujada ne ran Lahadi. Hujjojinsu kuma ba na wofi ba ne gaba ɗaya. Farashin koko ya sha faɗuwa, bashi ya yi wa ƙasa nauyi, samari suna gama makaranta ba aiki, ƙananan kasuwanci da yawa kuwa suna hannun baƙi. Mutum yakan ce, ni na biya haraji, ni na bi doka, kakannina suna kwance a wannan ƙasa, ta yaya wanda ya zo jiya zai fi ni rumfa a kasuwar Makola?

Wannan murya tsohuwa ce. Ita ce muryar babban wa a Luka sura 15, wanda ya dawo daga gona ya ji kiɗa a gida, aka gaya masa ƙanensa mai almubazzaranci ya komo har an yanka masa ɗan maraƙi, sai ya yi fushi ya ƙi shiga. Abin lura shi ne wan bai yi ƙarya ba. Ya yi bauta shekara da shekaru, bai taɓa ƙetare maganar ubansa ba. Gaskiyarsa ce ta tsai da shi a waje. Ya riƙa lissafta aikinsa kamar ɗan ƙodago, ya manta shi ɗa ne, abin da yake ci kullum kyauta ce daga hannun uba, ba lada ba. Haka ma'aikatan garkar inabi a Matiyu sura 20, waɗanda aka ɗauka tun da sassafe. An ba su dinarin da aka yi alkawari, ba a rage musu ko anini ba, amma suka yi gunaguni domin wanda ya yi aikin sa'a ɗaya ya sami daidai da nasu. Adalcin kai ba ya cika kama mashayi ko ɓarawo, gama su sun san halinsu. Mai zuwa sujada a kan lokaci yake kamawa, mai ba da zaka, mai takardar haihuwa a aljihu.

Akwai wani abin da masu murna ba su lissafta ba. An ɗauka Musulmin zango kaɗai abin zai taɓa, alhali Yarabawa da yawa Kirista ne. 'Yan kasuwar Ogbomosho da garuruwan kusa da ita su suka kawo ɗarikar Baptis cikin Gana, yawancin ikilisiyoyin Baptis na ƙasar a lokacin nasu ne, da Yarabanci ake sujada a cikinsu. Da aka yi korar sai majami'u suka zama fayau, kujeru ba masu zama, waɗansu aka rufe su. Kirista ya tafa hannu, ɗan'uwansa cikin baftisma yana bisa mota da tabarma da tukunya.

Aikin yi bai samu ba kamar yadda aka sa rai. Gonakin koko suka rasa leburori, kasuwanni suka yi sanyi. Ran 13 ga Janairu 1972 Kanar Acheampong ya kifar da gwamnatin, Busia ya rasu a Ingila a 1978. A shekarun nan kuɗin man fetur ya buɗe Nijeriya, tattalin Gana kuwa ya durƙushe. Malaman makaranta da magina da teloli da masu gyaran takalmi suka kama hanyar Ikko, har unguwar Agege ta zama wa mutanen Gana abin da Nima ta zama wa 'yan Nijeriya.

Sa'an nan farashin mai ya faɗi. Ana kuma tuna tarzomar Maitatsine ta Kano a Disamba 1980, wadda shugabanta mutumin Kamaru ne, sai kalmar baƙo ta zama abin zargi. Ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya yi shela cewa baƙin da ba su da takarda su fita. Wa'adin mako biyu ne, daidai da na Busia. Mutum wajen miliyan biyu suka tashi, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu mutanen Gana. Gwamnatin Rawlings ta riga ta rufe iyakokinta tun Satumba 1982, saboda haka jama'a suka taru a Binin da Togo cikin rana da ƙishirwa, waɗansu suka mutu a hanya kafin a buɗe ƙofa a ƙarshen watan. Waɗanda suka iso ta jirgin ruwa aka sauke su a Tema, aka tara mutane a filin baje koli na Ankara ana rubuta sunayensu. Shekarar kuwa ta fari ce da gobarar daji da yunwa. Jakar leda mai zane-zane da suka zuba kayansu a ciki ta sami sunan Ghana Must Go. A Ikko da Ibadan an ji masu cewa ramuwar 1969 ce, bashi ne aka biya. Ga alama sun manta cewa malamin makarantar da suka kora yana ɗan yaro lokacin Busia, bai kori kowa ba. A 1985 gwamnatin Janar Buhari ta sāke yin wata korar.

Annabi Yunusa ya zauna a gabashin Nineba yana jiran wuta ta sauko, da Ubangiji ya ji tausayin birnin sai ya husata har ya roƙi mutuwa. Mutumin da aka tsamo daga cikin kifi kwanan nan, shi ne yake ƙyashin a yi wa wani alheri. Littafin ya ƙare da tambayar da Allah ya yi masa game da mutum fiye da 120,000 da dabbobinsu, ba a kuwa rubuta amsar Yunusa ba. Kowace ƙasa cikin biyun nan ta zauna a inuwar wannan rumfa, ta ɗauka ita ce mai gaskiya, ta jira ganin ɗayar a ƙasa. Duk da haka ruwan sama ya sauko wa Gana a 1984 bayan farin, ya jiƙa gonar wanda ya sayi rumfar Bayarabe da araha, ya jiƙa ta wanda ya adana wa maƙwabcinsa mabuɗi, ba bambanci, kamar yadda Yesu ya faɗa a Matiyu sura 5. Masu komowa da yawa ƙauyukansu suka karɓe su suka ba su fartanya, amfanin gona kuwa ya yi kyau a shekarar.

Zango bai tashi ba. Waɗansu da aka kora sun lallaɓo sun dawo, waɗanda suka ɓuya suka fito, Nima da Maamobi suka ci gaba da cika, coci da masallaci a layi ɗaya, a kwata ɗaya ruwan gidajensu yake haɗuwa. Daga cikin zangon nan Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya fito, haifaffen Ankara a 1919, wanda ya zama Babban Limamin ƙasa a 1993. Ran 21 ga Afrilu 2019, Lahadin Ista, ana shirin bikin cikarsa shekara ɗari, tsohon ya shiga cocin Katolika na Christ the King, Fada Andrew Campbell ya tarye shi, jama'a suka miƙe tsaye. A ranar ce aka tayar da bama-bamai a majami'u da otal-otal a Siri Lanka, mutum fiye da 250 suka mutu. Waɗansu Musulmi suka yi gunaguni a kan limami ya taka coci, har kakakinsa ya fito ya bayyana cewa zumunci ya kai shi, ba sujada ba.

A cikin wannan shekara ta 2019 ƙungiyar 'yan kasuwar Gana ta kulle shagunan 'yan Nijeriya a Suame ta Kumashi, da kuma a Kwame Nkrumah Circle, tafiyar 'yan mintoci daga Nima. Hujjarsu dokar zuba jari ce ta 2013, wadda ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, ta kuma ce baƙo sai ya nuna jarin dala miliyan ɗaya kafin ya buɗe shago. A 2020 aka sāke sa kwaɗo a ƙofofin, har Kakakin Majalisar Wakilan Nijeriya, Femi Gbajabiamila, ya tafi Ankara a watan Satumba domin a zauna a yi magana.