Inda Kiɗa Ke Zaune a Maraɗi

Baƙon da ya sauka Maraɗi yana cigiyar wani katafaren zauren kiɗa mai tikiti da kujeru a jere zai sha yawo. Wuraren da suka reni makaɗan garin, yawancinsu sama ce rufinsu.

Mafi tsufa shi ne ƙofar fada. Bayan da masu jihadi suka ƙwace Katsina a 1807, zuriyar sarautar Haɓe ta tsallako arewa, ta kafa gadonta a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa su ma suka kafa Tibiri a 1836. Da tamburansu suka zo, da kakaki da algaita, kuma har yau ranar hawan salla su ake bugawa a gaban Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir. Ko ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari a kwarin Gulbi ta sa aka koma kan tudu, ba ta raba fada da makaɗanta ba.

A bayan fada kuwa akwai gidajen bori, waɗanda Iya ke shugabanta a Maraɗi, Inna a Tibiri. Nan goge ke kuka, mata na dukan ƙwarya, kowane iska da taken da ake kiransa da shi. Mai goge da ya kuskure take, a take za a gane, don haka gidajen suka zama makaranta mai tsanani. Daga wannan tushe Sa'adu Bori ya ɗebo salon da ya ɗora wa jita da gangunan zamani, har faifan da suka yi da mawaƙi Musa Pusi a 1994 ya kai Turai. Hatsarin mota ya ɗauke shi a 2008. Amma tun kafin nan wuraren sun fara ja da baya: a watan Nuwamban 2000, masu zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen mata a Maraɗi, kiɗan dare ya koma cikin gida, murya ƙasa-ƙasa.

Mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ya kawo nasa dandalin. Ya farfaɗo da samariya, unguwanni suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Gidan raya al'adu na Bawa Ɗan Wardanga shi ne magajin wancan zamani, inda mawaƙan zamani ke kafa lasifika.

Sai dai duk cikinsu babu kamar filin kokowa, wanda ke ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan jihar Maraɗi da ya ci gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975. Wasu za su ce ai filin wasa ne. To, a cire makaɗa a gani! Su ke zaune a bakin yashi tun kafin 'yan kokowa su fito. Ɗan kokowa zai shigo da layu a damtse da ƙugu, ya tsaya gaban mai ganga, a buga masa takensa, ya ɗaga hannu ya yi kirari har jikinsa na tsuma. Maroƙi na jero sunan iyaye da gari da waɗanda ya taɓa kayarwa, attajirai na tasowa suna liƙa wa mawaƙi jikka a goshi. Shekarar da zagayen gasar ƙasa, wato gasar takobi, ya faɗo kan Maraɗi, mutanen Jiratawa da Tibiri kan yi sammako a kan babura da amalanke don samun wurin zama, kuma mawaƙin da ya burge wannan taro, kafin a tashi rediyo ta kai muryarsa har Katsina da Daura.