Auduga, Feshi da Diyya: Tarihin Maganin Ƙwari a Ƙasar Garwa

Noman auduga tsohon abu ne a kwarin Binuwai. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Garwa da Marwa suke shuka ta, mata suna kaɗi, masaƙa suna saƙa, har ƙyallen saƙa ya zama abin musaya a kasuwa tamkar kuɗi. Abin da ya zo daga baya shi ne noma ta domin kaiwa ƙasashen waje, tare da magungunan feshin da suka biyo shi. A wannan tarihi akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan maganin da aka fesa wa tsutsa ya kwantar da manomi, wa zai biya shi diyya, kuma da wace hujja?

Kamfanin Faransa mai suna CFDT, wanda aka kafa a 1949, shi ya fara tsara noman auduga na zamani a arewacin Kamaru a farkon shekarun 1950, daga yankin Kaele. A 1974 kamfanin SODECOTON ya gaje shi, hedkwatarsa kuma tana Garwa. A tsarin da aka shimfiɗa, ana ba manomi taki da maganin ƙwari bashi, idan ya kawo auduga sai a cire bashin daga kuɗinsa. Manoman ƙauye suna tsaya wa juna lamuni, ana kuma rubuta abin da kowa ya karɓa. Amma gonar ta manomi ce, aikin ma nasa ne da iyalinsa. Shi ba ma'aikacin albashi ba ne. Wannan bambanci yana da nauyi a gaban doka.

Daga shekarun 1970 feshi ya bazu a karkara, saboda zuwan ƙaramar na'urar hannu mai aiki da batir, wadda ke watsa magani mai kauri kamar hazo, iska tana ɗaukarsa bisa kunyoyi. Amfanin gona ya ƙaru, sai dai iskar da ke kai magani kan ganye takan juyo da shi kan mai feshin. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta daina jin magungunan da aka saba da su a Afirka ta Yamma, daga baya matsalar ta isa arewacin Kamaru. Cikin magungunan da ƙasashen auduga suka koma wa har da endosulfan, wanda dafinsa ga ɗan Adam mai tsanani ne.

Guba tana shiga jiki ta fata, ta numfashi, ko ta baki. Wasu magungunan suna hana jijiyoyi sakewa bayan sun isar da saƙo, sai mutum ya kama zufa da dalalar miyau da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi masa wuya. Endosulfan kuwa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗarin bai tsaya a gona ba. Yakan biyo manomi gida a rigar feshi, ko a galan ɗin maganin da aka wanke aka zuba ruwan sha, ko a masara da waken da aka fesa wa maganin auduga.

Jamhuriyar Benin ce ta fara biyan farashi a fili. A daminar 1999 zuwa 2000 an ƙirga mutum 37 da endosulfan ya kashe a lardin Borgu, da yawansu ta hanyar gurɓataccen abinci. Benin ta haramta shi a 2008, sannan a 2011 aka sanya shi cikin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar, yarjejeniyar da Kamaru ma ta amince da ita. Sai dai haramci kariya ce ga na gaba, ba ya biyan wanda ya riga ya cutu.

Dokokin Kamaru sun buɗe ƙofofi, amma ba kowa ke iya shiga ba. Dokar 13 ga Yuli 1977 ta tanadi diyya kan haɗari da cutar da aiki ya jawo, hukumar CNPS ce kuma ke biya. Wannan ya shafi ma'aikacin da ke masana'antar gurzar auduga, amma bai kai ga manomi mai zaman kansa ba. Dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996 ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai ɗauki nauyi, dokar 21 ga Afrilu 2003 kuma ta wajabta tantance maganin ƙwari kafin a shigo da shi ko a sayar. Abin da ya rage wa manomi shi ne sashe na 1382 na kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, wanda ke wajabta wa mai laifi gyara ɓarnar da ya jawo. A nan dole mai ƙara ya tabbatar da abu uku: laifi, da cuta, da cewa laifin ne ya haifi cutar. Na ukun shi ne mai wuya, domin zazzaɓi da amai da jijjiga alamu ne da cizon sauro ma ke kawowa a tsakiyar damina.

Shari'u biyu na wasu ƙasashe sun nuna tsawon hanyar. A Faransa, manomi Paul François ya shaƙi maganin ciyawa na Lasso a 2004. Kotun Lyon ta ba shi gaskiya kan kamfanin Monsanto a 2012, kotun ƙoli ta tabbatar a 2020 saboda rashin cikakken gargaɗi a jikin mazubin, amma diyyar da aka yanke masa a 2022 Yuro 11,135 ce kacal, bayan ya nemi fiye da miliyan ɗaya. A gundumar Kasaragod ta jihar Kerala a Indiya, an shafe fiye da shekara 20 ana fesa endosulfan daga sama kan gonakin yazawa. Kotun ƙolin ƙasar ta hana amfani da shi a 2011, a 2017 kuma ta umarci jihar ta biya kowane wanda ya cutu Rupi 500,000. Waɗanda aka biya su ne waɗanda likitoci suka duba, sunayensu suka shiga jerin hukuma.

A duka shari'un biyu rubutu ne ya yi aiki: takardar asibiti mai kwanan wata, da sunan magani, da shaidar likita. Ƙasar Garwa ba baƙuwar rubutu ba ce, tunda tsarin bashin auduga ya daɗe yana ajiye lissafin maganin da ya shiga kowane ƙauye. Da ƙungiyoyin manoma za su buɗe littafi na biyu kusa da na bashi, a riƙa rubuta ranar feshi, da sunan magani, da wanda ya kwanta, da asibitin da aka kai shi, da manomi ya sami abin riƙewa ranar da zai tsaya gaban alƙali. Littafin nan kuma zai nuna wa hukuma maganin da ya kamata a janye tun kafin ya ci rai.