Tikitin Rahusa da Ran Fasinja: Ina Ne Almakashin Yake Yanka?

A shekarar 2009 shugaban kamfanin jiragen sama na Ryanair, Michael O'Leary, ya ce yana tunanin sa wa ban-ɗakin jirgi makullin da ba zai buɗe ba sai fasinja ya jefa fam ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ya kawo shawarar a cire kujerun baya a riƙa sayar da tikitin tsayuwa, a 2010 kuma ya ce a sallami mataimakin matuƙi, a koya wa ɗaya daga ma'aikatan cikin jirgi yadda ake saukar da shi saboda ko-ta-kwana. Jaridun Turai suka yi caa a kansa, sunan kamfanin ya zaga duniya ba tare da ya biya kuɗin talla ba. Har yau babu ko ɗaya daga cikin ukun da aka aiwatar. Kuma wannan kamfani na ƙasar Ireland, wanda ya fi kowane kamfani a Turai yawan fasinja, bai taɓa yin hatsarin da ya kashe fasinja ba tun kafuwarsa a tsakiyar shekarun 1980. Haka ma easyJet na Ingila, da ya fara tashi a 1995.

Ke nan maganar da aka saba yi, cewa araha ba ta ado, ba ta isa ta bayyana lamarin ba. Akwai kamfanonin rahusa da suka kwashe shekaru ba su zubar da jinin kowa ba, akwai kuma waɗanda rowarsu ta kai mutane kabari. Abin da ya raba su shi ne inda almakashin ya yanka, da kuma ko akwai mai tsawatarwa a kusa.

Tsarin da yawancinsu ke bi, har da flynas na Saudiyya da ke cikin masu jigilar alhazan Nijeriya, ya samo asali ne daga Southwest, wanda ya fara zirga-zirga a jihar Texas ta Amurka a 1971. Ana sayen jirgi iri ɗaya, don kada horon matuƙa da kanikawa da ajiyar kayan gyara su rarrabu. Ana sauka a ƙananan filaye masu sauƙin haraji. Jirgi ba ya daɗewa a ƙasa. Ryanair kan ware minti 25 ne tsakanin sauka da sake tashi. Abinci da zaɓen kujera da jaka duk sai an biya. Wannan duka takura ce ga jin daɗi, ba ta taɓa lafiyar tafiya kai tsaye. Wani ɓangarensa ma ƙara ta yake yi, domin tsadar mai kan tilasta wa manyan kamfanonin rahusa sayen sababbin jirage masu tattalin mai, kuma kaniken da kullum injin iri ɗaya yake kwancewa ya fi sanin cutarsa.

Dabarun da suka fi tayar da ƙura kuwa doka ce ke kashe su tun a takarda. Kafin a amince da babban jirgin fasinja sai maƙerinsa ya nuna cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, alhali rabin ƙofofin a toshe suke. Kujerun sababbin jirage dole su jure girgizar da ta ninka nauyin abin da ke kansu sau 16. Kowace kujera 50 tana buƙatar ma'aikacin cikin jirgi ɗaya, wanda ainihin aikinsa fitar da mutane ne idan wuta ta tashi. Rabon shayi ƙari ne kawai. A kan wannan katanga ce kujerar SkyRider ta maƙale. Kamfanin Aviointeriors na Italiya ya baje kolinta a 2010, siffarta kamar sirdi, tazararta inci 23 kacal, kuma babu jirgin fasinja da ya taɓa tashi da ita. Direban tasha yana iya cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ya sallami jami'in hanya ya wuce. Da Ryanair ya so ƙara kujeru daga 189 zuwa 197 a cikin Boeing 737, sai da aka ƙera masa samfurin MAX 8-200 mai ƙarin ƙofofin gaggawa biyu. Kujeru takwas, ƙofofi biyu: haka doka ta yi musu ciniki.

Hatsarin yana can inda idon fasinja ba ya kaiwa, kuma babu misalin da ya kai na ValuJet bayyana haka. Kamfanin ya fara aiki a Amurka a 1993 da tsofaffin jirage ƙirar DC-9, ya bunƙasa cikin gaggawa, ya miƙa mafi yawan aikin gyara ga 'yan kwangila. Ranar 11 ga Mayun 1996 jirginsa mai lamba 592 ya tashi daga Miami zai tafi Atlanta. A ɗakin kaya akwai kwalaye ɗauke da gwangwanayen samar da iskar shaƙa sama da ɗari, waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Ma'aikatan ɗan kwangilar, SabreTech, sun cire su daga wasu jirage, ba su sa musu murafun kariya ba, aka kuma rubuta a takarda cewa babu komai a cikinsu. Irin wannan gwangwani idan ya kunnu zafi mai tsanani yake fitarwa tare da iskar da ke rura wuta, ga shi an loda tayoyin jirgi a gefensu. Kimanin minti goma da tashi jirgin ya faɗa fadamar Everglades, mutum 110 da ke ciki suka rasu baki ɗaya.

Hukumar binciken hatsarori ta Amurka ta raba laifin gida uku. SabreTech bai shirya kayan yadda ya kamata ba. ValuJet bai sa ido a kan wanda ya ba aiki ba. Ita kanta hukumar kula da sufurin sama, FAA, ba ta wajabta sa na'urar gano hayaƙi da ta kashe wuta a irin wannan ɗakin kaya ba. A ganina kashi na biyu ne zuciyar maganar. Ba da kwangila ba aibu ba ne, manyan kamfanoni ma suna yi. Aibun shi ne a ba da aiki, sannan a ɗauka an ba da alhakin tare da shi, a kuma rage masu duba aikin domin albashinsu ba ya kawo riba a fili.

A Indunusiya an ga abin da ke faruwa idan mai tsawatarwar ma barci yake. Bayan sakin kasuwar sufurin sama a farkon shekarun 2000, kamfanoni suka yi ta ɓullowa fiye da yadda hukuma za ta iya bibiya. Ranar 1 ga Janairun 2007 jirgin Adam Air mai lamba 574, daga Surabaya zuwa Manado, ya faɗa teku da mutum 102. Matuƙan sun shagala ne da na'urar nuna hanya da ta rikice, har jirgin ya karkace ba su ankara ba. Masu bincike sun gano an sha kai ƙorafin wannan na'ura a watannin da suka gabata, ba a yi mata gyaran gaske ba. A shekarar ce Tarayyar Turai ta haramta wa duk kamfanonin ƙasar shiga sararinta, takunkumin da ba a gama ɗagewa ba sai 2018. Shi kuwa Adam Air an dakatar da shi a 2008.

Kada dai a ɗauka cutar ta masu rahusa ce kaɗai. Jirgin Alaska Airlines da ya faɗi a gaɓar California a Janairun 2000 ya kashe mutum 88 ba na rahusa ba ne. Tsawaita lokacin shafa wa wani ƙarfe na wutsiyarsa giris ne ya cinye haƙoransa.

Tsakanin waɗannan hatsarori da wasan O'Leary akwai wani fili mai hazo, inda ba a karya doka ba amma ana tafiya a bakin gaɓarta. Ranar 26 ga Yulin 2012 hadari ya hana sauka a Madrid, aka karkatar da jirage zuwa Valencia, uku na Ryanair suka yi kiran gaggawa saboda mai ya yi ƙasa. Hukumar sufurin sama ta Ireland ta bincika ta ce sun tashi da man da ya haura abin da doka ta gindaya. Wasu matuƙa kuma suka yi zargin ana matsa musu kada su ɗauki rarar mai, kamfanin ya musanta. Doka na iya ƙayyade ajiyar man minti 30 na ƙarshe, amma ba ta iya auna abin da ke zuciyar matuƙin da ke aikin kwantiragi, wanda ya san ana lissafa kowace lita da ya ƙara. Haka batun gajiya. A hatsarin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, an gano mataimakiyar matuƙin, mai ɗan ƙaramin albashi, ta kwana ne a hanya daga Seattle zuwa Newark kafin ta kama aiki. Wannan hatsari ne ya sa Amurka ta ɗaga sharaɗin zama mataimakin matuƙi zuwa awa 1,500 na tuƙi.

Kuɗin jaka ma yana da nasa ɓoyayyen tasiri. Da aka sa wa jakar da ake lodawa farashi, mutane suka koma shiga da kayansu ciki, kuma an sha ganin fasinjoji suna tsayawa ciro jaka jirgi na cin wuta. Gwajin daƙiƙa 90 kuwa da mutanen da hannunsu wayam ake yin sa. Jirgin Japan Airlines da ya ƙone a filin Haneda ranar 2 ga Janairun 2024 ya nuna ɗaya fuskar: mutum 379 sun fita da rai, sun bar kayansu a baya.

Shawarar rage matuƙa ce kaɗai ba ta mutu ba, sai dai yanzu ta fito daga bakin injiniyoyi. Maƙera jirage, musamman Airbus, sun nemi a bar matuƙi ɗaya a kan kujera yayin da jirgi ya daidaita a sama, ɗayan ya je ya huta. Ƙungiyoyin matuƙa suka ƙi, suna tambayar wa zai karɓa idan na kan kujerar ya suma, suna kuma tuna Germanwings na Maris 2015, lokacin da mataimakin matuƙi ya kulle kansa shi kaɗai ya kai mutum 150 ga halaka a tsaunukan Faransa. Hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta sa an yi nazari, sakamakon da ya fito a 2025 ya ce da ɗakin tuƙi irin na yanzu ba a iya nuna cewa matuƙi ɗaya zai ba da kariyar da biyu ke bayarwa ba. An jingine maganar ne zuwa lokacin da za a ƙera sabon ɗakin tuƙi.