Alkaki

Alkaki kayan zaƙi ne na gargajiya da ake yi da ɓarzajjiyar alkama, amfanin noman hunturu. A ƙasar Kazaure, daga Achilafiya zuwa Roni da Gwiwa, garar amarya ba ta cika sai da shi, tare da nakiya da dubulan. Ana kuma yin sa da Sallah.

Ana murza alkamar da mai, a kwaɓa da nono ko yis, a bar ta ta kwana ta yi tsami. Sai a naɗe, a soya a hankali, a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari mai lemon tsami, wanda ke hana sukarin daskarewa. Wanda cikinsa bai soyu ba yakan yi funfuna da wuri, soyayyen kuwa yakan yi makonni bai lalace ba.